Mutum nawa ke kallon shiri kai tsaye a lokaci guda?

A rumfar mai cajin waya a Ƙofar Ƙaura gardama ta kaure tsakanin samari: wani ya ce wa'azin malaminsa ya samu masu kallo dubu ɗari biyu, wani ya ce ai da ya shiga bai ga ko dubu uku ba. Dukansu suna iya yin gaskiya.

Ta yaya za su yi gaskiya su biyun?

Lissafin iri biyu ne. Akwai jimillar duk wanda ya leƙa bidiyon, ko da minti ɗaya ya yi ya fita, ko kuma washegari ya kalla. Akwai kuma ƙololuwar masu kallo, wato adadi mafi yawa da suka haɗu a daƙiƙa guda ana cikin shirin. Ƙaramar lambar nan da ke hawa tana sauka a saman allo kusa da alamar ido a Facebook, ita ce ake auna ƙololuwar da ita.

Ina ƙololuwar ta taɓa kaiwa?

A Oktoban 2012, da mai dirar laima Felix Baumgartner ya diro daga sama, tazarar kusan kilomita 39, kimanin miliyan 8 suka kalla tare a YouTube. Sai a Agustan 2023, ranar da kumbon Indiya Chandrayaan-3 ya sauka a wata, aka sake ganin irin wannan a dandalin. Amma manyan lambobin suna wajen wasanni. Wasan kurket na Indiya da New Zealand a 2019 ya tara miliyan 25.3 a Hotstar, dandalin kallo na Indiya. Wasan ƙarshe na Kofin Duniya na kurket a Nuwamban 2023 ya kai miliyan 59 a Hotstar ɗin. Bayan shekara guda Netflix ya ce damben Mike Tyson da Jake Paul ya kai miliyan 65, ko da yake jama'a da dama sun sha haushi, hoto sai tsayawa yake.

Me ya sa Indiya ta yi zarra haka?

Yawan jama'a da arhar data. Tun da kamfanin Jio ya shigo a 2016 farashin data ya faɗi warwas, sannan a 2023 aka bar masu waya su kalli gasar kurket ɗin kyauta. A ganina wannan ya fi komai tasiri. Mu kuwa a farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, shi ya sa mutum ke shiga kallon tafsiri yana lissafin abin da ya rage masa.

To mu ana ƙirga mu daidai?

Ina! Na'ura ake ƙirgawa, ba kawuna ba. Gidan kallo da ya cika maƙil ranar wasan Arsenal, benci har bakin ƙofa, janareto na ruri a baya, allo ɗaya ne a wurin masu ƙirga. Haka ranar Hawan Magajiya a Daura: ɗan gida yana Legas ko Jidda ya kunna waya, abokan ɗakinsa biyar sun sunkuyo a kafaɗarsa suna neman dokin gidansu a cikin ƙura, lambar kuwa ɗaya kacal ta ƙaru.