Shin Filtar Kamfani Ce Kaɗai Ta Gaske?

Masu mota da yawa sun tafi a kan cewa duk filtar da ba ta zo a kwalin kamfanin motar ba jabu ce. Ba haka abin yake ba. Yawancin kamfanonin ƙera motoci ba su suke yin filta da kansu ba, kwangila suke bayarwa. Kamfanoni irin su Mahle da Mann+Hummel na Jamus, da Denso na Japan, su suke yi musu, kuma suna sayar da filta da sunansu a kasuwa.

Abin dubawa yana cikin gwangwanin. Idan makanike ya yanka tsohuwar filtar baƙin mai, za ka ga takarda a nannaɗe, da roba mai hana mai komawa ƙasa idan an kashe inji, da wani bawul da ke buɗewa idan takardar ta toshe don kada inji ya rasa mai. A filta marar kyau takardar kaɗan ce, robar kuma tana saurin ƙandarewa. Sai ka tayar da mota da safe ka ji inji yana ƙara-ƙara na ɗan lokaci kafin mai ya hau. Wannan ƙarar tana damuna ƙwarai, domin ƙarfe ne ke gogar ƙarfe.

Har kwalin kamfani ana kwaikwayonsa, saboda haka suna kaɗai bai isa ba. Duba lambar filtar ta dace da injinka, domin biyu na iya kama da juna a ido amma bawul ɗinsu ya bambanta. Ka kuma canza ta a lokacin da littafin motar ya ce.