Satwik na Indiya mai badminton: ga amsa, don Allah kar a sake tare ni da ita

Kusan kullum in muka tashi daga fili da yamma, ina naɗe raga, sai wani ya tare ni da tambaya kan yaron nan, kuma tambayoyin dai su ne na jiya. To ga su a wuri ɗaya.

Wai ɗan fim ne?

A'a. Ba duk ɗan Indiya ne ke rawa a kan dutse ba.

To waye shi?

Satwiksairaj Rankireddy, haihuwar 2000 a garin Amalapuram, jihar Andhra Pradesh. A makarantar badminton ta Pullela Gopichand da ke Hyderabad ya goge. Wasan biyu-biyu yake yi, abokin wasansa Chirag Shetty ɗan Mumbai ne.

Da gaske dukansa ya kai kilomita 565 a awa?

Da gaske ne, masu kundin bajinta na duniya na Guinness ma sun rubuta. Amma ku daina yaɗa cewa a gasa ya yi. A 2023 ne, a ɗakin gwajin kamfanin kayan wasa na Yonex a Japan, an kafa kyamara an ba shi ƙwallo a inda yake so. Kafin shi Tan Boon Heong na Malesiya ne ke riƙe da 493 tun 2013. Kuma gudun nan na lokacin da ƙwallon ta bar raket ne, kafin ta tsallaka raga gashin da ke jikinta ya riga ya rage mata gudu.

Wa ya fi iyawa, shi ko Chirag?

Haba malam. Wannan kamar ka ce hannun dama da na hagu wanne ke tafi ne. Kai ƙarar duka kake ji, ba ka kallon wanda ya tsaya bakin raga ya tilasta wa abokan karawa ɗaga ƙwallon sama tun farko.

Me suka ci?

Da yawa. Gasar Thailand a 2019 ce ta fara fito da su. A 2022 Indiya ta ɗauki Kofin Thomas, na ƙungiyoyin maza na ƙasashe, karon farko a tarihinta, a Bangkok, ta doke Indonesiya 3-0, kuma a karawar su Satwik da Ahsan da Kevin Sanjaya na Indonesiya sau huɗu ana maki ɗaya ya rage a doke su suna dawowa, har suka ci. Shekarar suka ci zinare a gasar ƙasashe renon Ingila a Birmingham, da tagulla a gasar duniya a Tokyo. A 2023 gasar Asiya a Dubai, gasar Indonesiya, sai zinaren wasannin ƙasashen Asiya a Hangzhou, daga nan suka zama na ɗaya a duniya a watan Oktoba.

Ni da abokina duk mun fi son duka daga baya, mu yi irin nasu ko ɗaya ya haƙura ya koma gaba?

Yauwa, wannan ce tambaya. Amsar kuma ita ce ya danganta. Su ma haka suka fara, dogaye biyu kowa na son baya, kocinsu Tan Kim Her ɗan Malesiya ne ya haɗa su a 2016, kuma Chirag ne ya ɗauki wahalar koyon gaba. To amma kar ka ji haka ka je ka dasa abokinka a bakin raga kamar turke. A wasan biyu-biyu tsayuwa canzawa take, in ku ke kai hari ɗaya gaba ɗaya baya, in kuka ɗaga ƙwallo sama dole ku dawo gefe da gefe ku tare, don faɗin filin mita 6.1 ne, mutum ɗaya ba ya rufe shi, kuma a cikin wannan juyin na baya zai tsinci kansa a gaba ko yana so ko ba ya so. Shawarata, kuma shawara ce kawai tunda ban ga wasanku ba, ku duba wa ya fi saurin hannu da natsuwa wajen sabis, shi ya fi yawan zama gaba. Sabis ɗin ma a dokar yanzu ƙwallon ba ta wuce mita 1.15 daga ƙasa lokacin bugu, dogo sai ya ranƙwafa. In kuma ɗayanku na da ciwon kafaɗa ko gwiwa, magana ta canza, shi za a rage wa tsalle ko da shi ne mai ƙarfin. Sannan in da ƙwallon roba kuke wasa a waje iska na kaɗawa, rabin abin da na faɗa ba zai zauna daidai ba, don tashinta daban da ta gashi. Na ga yara biyu a filinmu, ƙarfi kamar me, wasu dattawa masu tumbi suka yi ta sake musu ƙwallo a hankali bayan raga har 21-9, yaran suna ta haki suna zargin juna. Ku ba abin wata biyu kafin ku ce bai yi ba, farko za ku yi ta karo da raket, ba komai, kowa ya yi.

In sun iya haka ina lambar Olamfik?

Babu, kuma na gaji da masu yin dariya a kan wannan. A Olamfik na Tokyo sun ci wasa biyu cikin uku a rukuni, har da Lee Yang da Wang Chi-lin na Taiwan waɗanda daga baya suka ɗauki zinaren, lissafi ne ya fitar da su. A Paris 2024 Aaron Chia da Soh Wooi Yik na Malesiya suka cire su a kwata fainal bayan su Satwik sun ci zubin farko na wannan karawar, wannan ta yi ciwo wallahi, kocinsu Mathias Boe ma daga nan ya ajiye aiki. A 2025 a Paris ɗin dai suka rama kan su Chia a gasar duniya, suka dawo da tagulla.

In na sayi irin raket ɗinsa zan yi irin dukansa?

A'a. Je ka gyara riƙonka tukuna.