Ma'anar "unresolved external symbol" ga mai rubuta direban na'ura

Duk mai rubuta direban na'ura, wato 'yar manhajar nan da ke shiga tsakanin Windows da kaya irin su firinta ko katin sauti, sai ya ci karo da wannan saƙo. A Visual Studio, manhajar Microsoft ta gina manhajoji, yakan fito da lamba LNK2019 ko LNK2001. Abin da yake nufi shi ne an kira wani aiki (function, wato guntun lamba mai suna) da sunansa, amma an rasa inda gangar jikinsa take.

Gina direba hawa biyu ne. Kompaila yana mayar da kowane fayil na C zuwa .obj, kuma da zarar ya ga sunan aikin a fayil na .h, inda ake ayyana sunayen ayyuka, ya gamsu. Linka ne ke biyo baya ya ɗinke guntayen, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya yana neman kowanne a cikin fayilolin .lib, wato ɗakunan ajiyar ayyuka. Shi ya sa ƙara #include ba ya kashe wannan wuta, domin matsalar ba a wurin kompaila take ba.

Sau da yawa asalin abin shi ne an kwaso tsohuwar lambar da aka rubuta don manhaja ta gama-gari an dasa cikin direba. CreateFile da Sleep na kernel32.dll ne, su kuwa irin direbobin da ake magana a kansu a nan a cikin kanel suke zaune, wato zuciyar Windows, inda ntoskrnl.exe da hal.dll ke ba da ayyuka. A nan ne mutane ke yin kuskuren da ya fi ɓarna: su cusa kernel32.lib don saƙon ya ɓace. Zai iya ɓacewa, amma direban ba zai taɓa tashi ba. Gyaran gaskiya shi ne a nemi takwaran aikin na kanel. ZwCreateFile a madadin CreateFile, a matakin PASSIVE_LEVEL kawai, wato mafi ƙanƙantar matakin fifiko a kanel, tare da tutar OBJ_KERNEL_HANDLE. KeDelayExecutionThread a madadin Sleep, a kuma lura cewa shi da nanosakan 100 yake ƙidaya, ba milisakan ba.

Wani lokacin aikin yana nan, sunansa ne ya sauya kama saboda tsarin kiran aikin, wato __stdcall ko __cdecl. A x86 mai bit 32, aikin __stdcall da ke karɓar ƙimomi biyu masu bayit 4 yakan zama _Suna@8, na __cdecl kuwa _Suna kurum. Direbobi da __stdcall ake gina su, saboda haka tsohon .lib da aka gina da __cdecl ba zai dace ba sai an rubuta hakan a fayil na .h. Idan kuma sunan da ke cikin saƙon ya fara da alamar tambaya, C++ ne ya yi masa ado, sai a kewaye shi da extern "C". A duba da umarnin dumpbin /symbols, mai nuna sunayen da ke cikin fayil, a kwatanta sunayen biyu harafi da harafi, kada a yi canke.

Akwai kuma wanda ke tsallake linka ya jira ranar lodi, wato lokacin da Windows zai tayar da direban. Daga Windows 10 sigar 2004 aka kawo ExAllocatePool2, aikin ware ma'adana (memory), don maye gurbin ExAllocatePoolWithTag. Direban da ya kira sabon kai tsaye ba zai tashi a kan tsohuwar siga ba. Maganinsa MmGetSystemRoutineAddress: a ba shi sunan, in ya dawo da NULL a koma kan tsohon aikin.

A Linux saƙon shi ne "Unknown symbol in module", kuma umarnin dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, zai faɗi sunan da aka rasa. Abin da aka fitar da EXPORT_SYMBOL kaɗai ake iya kira, wanda aka fitar da EXPORT_SYMBOL_GPL kuwa sai an ayyana lasisin da ya dace a MODULE_LICENSE. Tsohuwar dabarar zagaye ta kallsyms_lookup_name an toshe ta tun sigar kanel ta 5.7 a 2020. Mai son buɗe fayil daga direba ya yi amfani da filp_open da kernel_read.