Godiya, baiko da dogara ga Allah: tambayoyin da 'yan'uwa ke yawan yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa a wajen nazarin Littafi Mai Tsarki, ga amsa iya fahimtata.

Yaya zan gode wa Allah alhali komai ya cakuɗe mini?

Toh wanda ya ce a yi godiya a kowane hali (1 Tasalonikawa 5:18) ba a kan kujerar hutu ya faɗa ba fa. Bulus ne, wanda a Filibi aka zane shi da Sila, aka jefa su can ƙuryar kurkuku aka sa ƙafafunsu a turu, amma da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabo har sauran fursunoni na saurare. Ba wai ka yi kamar ba ka jin zafi ba ne, ai Zabura cike take da kuka da koke. Ka yi kukanka, amma kar ka mance da abin da aka riga aka yi maka. Kutare 10 Yesu ya warkar a Luka 17, ɗaya tak ya dawo godiya, shi ma Basamariye.

Zakka dole ce ga Kirista?

Nan ikilisiyoyi sun sha bamban, kuma ba yau aka fara ba. A Shari'ar Musa kashi 1 cikin 10 na amfanin ƙasa na Ubangiji ne (Firistoci 27:30), kuma duk shekara ta 3 ana tara shi a gari domin Lawiyawa da baƙi da marayu da gwauraye, wannan ɓangaren kam ba kasafai ake wa'azinsa ba. A Sabon Alkawari Bulus bai yanka adadi ba, cewa ya yi kowa ya ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, ya bayar yadda ya ƙudura a ransa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. A ganina zakka ma'auni ne mai kyau na koyon bayarwa, amma wanda ya ce maka in ba ka biya ba ka rasa ceto, ya ƙara gishiri.

An ce in na shuka iri Allah zai ninka mini, gaskiya ne?

Wannan ce ta fi damuna gaskiya. E, Malakai 3:10 ta yi maganar buɗe tagogin sama, Bulus ma ya ce mai shuka da yawa zai girbe da yawa, amma ka ƙarasa karanta 2 Korantiyawa 9 mana, dalilin yalwar shi ne ka samu abin yin alheri ga wasu. Matsalar ita ce an mai da baiko jari, mutum ya sa a faranti yana lissafin riba, in wata ya ƙare bai ga komai ba sai a ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza, ya sake ciwo bashi ya kawo, a ƙarshe ga talauci ga fushi da Allah.

Dubi gwauruwar nan ta Markus 12. Yesu na zaune daura da ma'ajin Haikali yana kallon masu kuɗi suna zuba da yawa, sai ga ta da 'yan tagulla biyu, iyakar abin da take da shi kenan, ya ce ta fi kowa bayarwa. Ba inda aka ce washegari ta wayi gari attajira. Saminu mai sihiri kuma da ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah a Ayyukan Manzanni 8, Bitrus ce masa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi.

Ana bina bashi, ga iyali, in bayar ko in bari?

Biya bashinka, ciyar da gidanka. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni, Yesu kuma ya tsawata wa masu hana iyayensu taimako da sunan sun keɓe wa Allah. Ana karɓar baiko bisa abin da kake da shi ne, ba abin da ba ka da shi ba. In ba kuɗi akwai lokaci, akwai ƙarfi, akwai gaida marar lafiya.

Dogara ga Allah na nufin in daina tanadi?

A'a. Yusufu ya tara hatsi shekara 7 a Masar kuma Allah ne ya ba shi wannan hikimar, Bulus ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Abin da Yesu ya hana a Matiyu 6 damuwa ce, irin mai hana barci. Isra'ilawa sun ci manna, wato abincin da Allah ya riƙa saukar musu, shekara 40 a jeji, kowace safiya sai sun fita sun tsinta na yini ɗaya, waɗanda tsoro ya sa suka ɓoye na gobe suka tashi suka tarar da tsutsa da wari, amma a rana ta 6 an ce su ɗebi na kwana biyu saboda Asabar kuma bai lalace ba.

Laifi ne in tambayi inda baikon ke zuwa?

Ko kaɗan. Da Bulus zai kai gudummawa ga masu bi matalauta na Urushalima bai riƙe kuɗin shi kaɗai ba, akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa ya raka shi, don kada kowa ya sami abin zargi (2 Korantiyawa 8). Ka je wajen dattawa ko ma'aji cikin ladabi ka nemi a karanta rahoton kuɗi a taron ikilisiya.