Harsashin takarda na bindigar allura

Harsashin takarda na bindigar allura ƙunshi ne guda da aka haɗa dalma da albarushi da ƙyastu a cikinsa, wato ɗan sinadarin da ke kama wuta idan an buge shi. Ana kiran bindigar da wannan suna ne domin siririyar allurar ƙarfe da ke cikinta, wadda ke huda takardar ta soki ƙyastun da zarar an ja kunama. Takardar kan ƙone ko ta fice tare da hayaƙi, saboda haka babu kwanson da maharbi zai zare bayan harbi.

Johann Nikolaus von Dreyse, maƙerin garin Sömmerda da ke Jamus ta yau, shi ne ya ƙera bindigar da ta fi shahara a wannan fanni, kuma rundunar Furushiya, wata masarautar Jamusawa ta wancan zamani, ta fara mallakarta a 1841. Faɗin bututunta milimita 15.4 ne. Abin da ya bambanta harsashinta shi ne wurin da aka ajiye ƙyastun: dalmar tana zaune cikin wani ɗan mazauni na takarda da aka matse ta yi tauri, ƙyastun yana manne a gindin wannan mazaunin, albarushi kuma yana bayansa. Ke nan sai allurar ta ratsa albarushin gaba ɗaya kafin ta kai ga abin da za ta tayar, kuma tana nan tsakiyar wutar lokacin da harbin ya tashi. Wannan ne ya sa takan ci tsatsa ta karye, har ya zama dole soja ya riƙa yawo da wata a ajiye. Duk da haka, a yaƙin Königgrätz na 3 ga Yuli, 1866, sojan Furushiya yana iya ɗura bindigarsa ta baya daga kwance, alhali na Ostiriya sai ya miƙe ya ɗura tasa ta baki.

Faransa ta mayar da martani a wannan shekarar da bindigar Antoine Alphonse Chassepot mai faɗin milimita 11. A nata harsashin an dawo da ƙyastun can gindi, allurar ta gajarta, an kuma sa zoben roba da ke toshe hayaƙi kada ya fito ta baya. Ta fi ta Dreyse nisan harbi ƙwarai a yaƙin da Faransa ta yi da Furushiya daga 1870 zuwa 1871, sai dai zamanin takarda ya riga ya zo ƙarshe, domin Jamus ta koma bindigar Mauser ta 1871, Faransa kuma ta koma bindigar Gras ta 1874, dukansu masu kwanson ƙarfe.

A yau masu tara tsofaffin bindigogi a Turai da Amurka su ne ke naɗa irin wannan harsashi da hannu. Sukan nannaɗe takarda mai laushi a jikin ɗan sandan katako da aka fere daidai da faɗin ɗakin harsashi, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu, su shafa gam a bakinta, su zare sandan bayan ta bushe, sannan su ɗaure dalmar da suka zuba da kansu a gaba. Galibi sukan yi amfani da ƙyastun tagulla na kasuwa maimakon haɗa sinadarin asali, wanda haɗa shi a gida hatsari ne babba. Baƙin albarushi kaɗai ƙarfen wancan zamani yake ɗauka, na zamani marar hayaƙi kuwa yana iya fasa bututun.

Wahalar aikin tana wajen tsawo da tauri, musamman a Chassepot. Idan harsashin ya gaza tsawo ko bai matsu ba, allurar takan tura shi gaba kawai, a ji ƙas, bindiga ta ƙi tashi. Idan ya zarce kuma, murfin baya ba zai rufu ba. Takarda mai kauri tana barin toka da guntaye waɗanda ke cushe ɗakin bayan harbi kaɗan, mai sirantaka sosai kuma tana yagewa a hannu. Zoben robar asali ma ya daɗe da bushewa a yawancin bindigogin da suka rage, sai an yanka sabo an saka kafin a gwada harbi.