Sauke hoton bangon albam da sacad: ga amsa, kada a sake tambaya

Mene ne sacad ɗin?

Ƙaramar manhaja ce da ake ba umarni a rubuce a taminal, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni. Ka ba ta sunan mawaƙi da na albam, ta leƙa shafukan Deezer, Discogs, Last.fm da iTunes, ta ɗauko maka hoton bango.

Tana sauke waƙar ma?

A'a. Hoto na ce.

Ina zan danna?

Babu abin dannawa. Sa Python a kwamfutarka, ka rubuta pip install sacad, sannan:

sacad "sunan mawaƙi" "sunan albam" 600 cover.jpg

600 ɗin girman hoton ne. Kada ka manta da alamun zancen nan, in ba haka ba za ta ɗauki kowace kalma a matsayin umarni dabam, ka dawo kana cewa ta lalace.

Na saki sacad_r a kan duk waƙoƙina, wasu sun zo da hoton wani mawaƙin, wasu babu komai. Me ya faru?

To, nan sai an yi haƙuri, don dalilin ba ɗaya ba ne. Ita sacad_r, wadda ke zuwa tare da sacad don bin duk foldodin waƙoƙinka lokaci guda, ba ta sauraren waƙa. Bayanin da aka rubuta a cikin fayil take karantawa, kuma tana ɗauka kowace folda albam guda ce. Idan ka jibge waƙa ɗari biyar a folda ɗaya, hoto ɗaya za su samu. Sannan yawancin waƙoƙin da ke yawo ta Xender ko daga shagon masu tura waƙa, an goge sunan albam an rubuta adireshin shafin da aka sauko da su. Me kake so ta nemo da wannan? Fara gyara bayanan da manhajar MusicBrainz Picard ko Kid3, ka raba albam-albam.

Ko ka gyara, ba lallai a dace ba. Tsofaffin waƙoƙin Hausa da aka kwaso daga kaset da dama ba su cikin waɗancan shafukan, wani kuma an rubuta sunansa iri uku. Gwada cire ƙugiya, ka sa k a madadin ƙ. Wani lokaci yana yi, wani lokaci ba ya yi. Albam ɗin da aka sake fitarwa ma yakan zo da bango dabam, ita kuwa ba ta san wanda ka saba gani ba. Idan abin ya ƙi, ɗauki hoton kwalin da kanka. Ba kai ne ka yi kuskure ba.

Zan iya cusa hoton a cikin waƙar?

Da sacad_r ake yi, ba sacad ba: sa alamar + a gurbin sunan hoton, wato cover.jpg. Amma fayilolinka za ta taɓa, don haka ajiye kwafi tukuna. Na faɗa.

Me zai hana in sa 3000?

Datarka ce. A fuskar waya 600 ya isa.