Kula da Abincin Masu Sauya Jinsi da Horar da Masana Abinci

Masu sauya jinsi su ne mutanen da jinsin da suke ɗaukar kansu a kai ya saɓa da wanda aka rubuta musu ranar haihuwa. Akwai kuma waɗanda ba sa ɗaukar kansu maza ko mata. Kula da abincinsu reshe ne da bai daɗe da samun gindin zama ba a ilimin abinci mai gina jiki.

Tushen matsalar shi ne ma'aunan da ake aiki da su gida biyu kacal gare su, na maza da na mata. Lissafin Mifflin-St Jeor na 1990, wanda ake kimanta ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa da shi, yana ƙara 5 ga namiji, ya rage 161 ga mace. Ke nan mutum ɗaya, tsayi ɗaya, nauyi ɗaya, sai a sami bambancin kalori 166 a rana gwargwadon gidan da aka sa shi. Sinadarin ƙarfe ma haka: a Amurka miligiram 18 a rana aka tsayar wa mace mai shekara 19 zuwa 50, namiji kuwa 8. Jinin al'ada ne ya kawo wannan tazara. To wanda aka haifa mace, ya fara shan testosteron, wato homon ko sinadarin jiki na maza, al'ada ta ɗauke, buƙatarsa ta koma kusa da ta maza. Abin dubawa a nan shi ne yadda jikin ke aiki da sakamakon gwajin jini.

Maganin homon kansa yana sauya jiki. Testosteron yana ƙara tsoka, yana ƙara kaurin jini, yakan kuma taɓa kitsen cikin jini. Istirojin, homon na mata, yana ƙara kitse, tsoka ta ragu. Spironolactone, maganin rage tasirin testosteron da ake haɗawa da istirojin, yana riƙe sinadarin fotasiyam a jiki, don haka ake auna fotasiyam ɗin a kai a kai. Matasan da ke kan maganin jinkirta balaga kuwa ƙashinsu ake sa wa ido, da kalsiyam da bitamin D. Ba kowa ne ke shan homon ba, shi ya sa tambaya ta zama dole.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cutar rikicewar cin abinci, wadda ta fi yawa a cikinsu. Wani yakan ƙuntata wa kansa ci don al'ada ta tsaya ko ƙugu ya zube. Masanin da bai gane dalilin ba sai ya yi ta faɗa a kan nauyi, mara lafiyar ya ƙi dawowa.

A ɓangaren horo, ɗalibai da yawa kan gama karatu ba su taɓa cin karo da batun a aji ba. Inda ake koyar da shi, ana bai wa ɗalibi misalin mara lafiya, ya gwada lissafi da ma'aunin jinsi biyun, ya koyi tambayar sunan da mutum ke so a kira shi, da maganin da yake sha da tsawon lokacin. Ƙa'idojin WPATH, ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan lafiyar masu sauya jinsi, bugu na 8 na 2022, na cikin abin da ake dogara da shi.